Hazon Landan a zanen Monet: basira ce ko hayaƙin kwal?

Ɗan Fagge: Jama'a ni fa ina nan a kan bakana, zanen Landan da Claude Monet ya yi ba wata dabara ba ce, garin ne ya turnuƙe da hayaƙin kwal na masana'antu da jiragen ƙasa, shi kuma Bafaranshen ya sauka a otal ɗin Savoy sau uku daga 1899 zuwa 1901 yana hangen gadar Waterloo, abin da ya gani ya zana shikenan. Har bincike ya fito a 2023 cewa yadda hayaƙi ke ƙaruwa haka zanensa da na Turner, wani mai zane ɗan Ingila, ke ƙara dusashewa.

Anti Mai Zane: Haba ƙanena, ka taɓa ƙura wa zanen ido kuwa? Duba wanda ya yi na majalisar dokoki, ruwan kogin Thames ba launi ɗaya ba ne, ɗan jan burushi ne na ruwan goro kusa da shuɗi kusa da shunayya, in ka matso hargitsi kawai, sai ka ja da baya idonka ya haɗa su ka ga rana na ƙoƙarin ratso hazo. Kyallaye yake jerawa a gabansa, haske na canzawa ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, har kusan zane 100. Wallahi hayaƙi bai koya wa kowa wannan.

Bazazzagi: ni dai na ji ance yanar ido ce ta dame shi shi yasa komai dishi-dishi

Anti Mai Zane: A'a Malam, sai 1912 likita ya gano yanar, alhali tun 1904 aka baje 37 daga cikinsu a Paris. Kuma fitowar rana ta tashar jiragen ruwan Le Havre a Faransa tun 1872 ya zana ta haka.

Baba Alhaji: Yarana ku ƙara da wannan, yawancinsu a gidansa na ƙauyen Giverny a Faransa ya ƙarasa su, babu Landan a gabansa balle hayaƙi. Mu nan duk hunturu muna ganin rana kamar faifai cikin hazo, mutum nawa suka iya sa ta a kyalle?

Ɗan Fagge: Baba na yarda hannu nasa ne. Amma shi da kansa ya rubuta wa matarsa cewa hankalinsa ya tashi ranar da ya farka babu hazo, sai da aka hura wuta hayaƙi ya dawo ya samu abin yi. To Anti wannan fa?