Furosesa mai tsada a zafin Maradi: a ƙara mishi gudu ko a rage mishi wuta?

Mai Montaj: Salamu alaikum jama'a. Ina son haɗa sabuwar mashin ta montaj, bidiyon biki yanzu kowa 4K yake so, tsohuwar tawa sai ta kwana tana fitar da aiki guda. Raina ya kwanta da furosesa Core i9-14900K na Intel, kor 24 (sassan da ke raba aiki a cikinshi), yana taɓa 6 GHz, kuma in ya zo zan shiga BIOS, wato saitin mashin na ciki, in ƙara mishi gudu. Sai wani ya ce mini wai duk wanda ya sayi wanga furosesa a Maradi ya yi mishi obakulok, wato ƙara gudun nan, to kuɗinshi kawai ya ƙona. Gaskiya ne ko dai baƙin ciki?

Mai Gyara: Ni na faɗa ƙanena, ba sai ka ce wani ba, kuma har yanzu ina kan bakana. A kwali an rubuta wat 125 amma in ya kama aiki sosai Intel da kansu sun ce yana kai wat 253, tun ba ka taɓa komi ba ke nan. Duk wutar nan zafi take zama, kuma iyakarshi digiri 100, da ya kai sai ya rage gudu da kanshi. Masu gwaji da kuke kallo a YouTube ɗakinsu digiri ashirin da ƴan kai ne. Kai shagonka a watan Afrilu da azahar digiri nawa ne? Mun san garin nan yana wuce 40.

Alhaji Mai Odar Kaya: Haba Malam, kana tsorata yaro. To mi ne amfanin K ɗin da ke ƙarshen sunan? An buɗe shi ne don a ƙara. Ka sayi ingarma sannan ka ɗaure mishi ƙafa? Ya sa mai sanyaya na ruwa mai fanka uku, 360 ɗin nan, magana ta ƙare. Ni na kawo ma mutane da yawa ba wanda ya dawo da kuka.

Mai Gyara: Ba su dawo wurinka ba Alhaji, wurina suke zuwa 😂

Injiniya: Alhaji da girmanka, ruwan nan ba ƙanƙara ba ne. Yana kwashe zafi ne ya kai radiyata, ita kuma iskar ɗakin ce ke huce ta, ba yadda za a yi ta sauka ƙasa da zafin ɗakin. Ɗaki ya ƙaru da digiri 15, furosesa ma kusan hakanan zai ƙaru. Sannan ga lissafin da mutane ba su so: wutar da yake ci tana hawa ne da volt sau volt, ka ƙara volt kashi 10 cikin ɗari wuta ta ƙaru kashi 21, tun ba a zo kan gudun ba. Kuma megahertz ɗin ƙarshe-ƙarshe su ne suka fi cin volt. Shi ya sa in ka rage mishi iyakar wuta a BIOS, PL1 da PL2, gudun da kake rasawa kaɗan ne amma zafin da ke sauka mai yawa ne.

Alhaji Mai Odar Kaya: Ku ƴan jami'a komi sai lissafi. Mu da muka riƙe i7-2600K tun 2011, 3.4 yake zuwa mu kai shi 4.5 da fanka ta iska kawai, shekara da shekaru yana aiki.

Injiniya: Wannan gaskiya ne Alhaji, amma lokacin kamfani yana barin fili. Yanzu su da kansu sun riga sun matse shi har bango kafin ya fito kwali, abin da ya rage maka bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Wasa: ni dai ban gane wahalar da kuke sha ba wlh, ku sayi Ryzen X3D na AMD ku huta, 7800X3D kor 8 ne kawai amma cache ɗinshi, ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, 96 MB, a wasa yana kai ƙafa da i9 ɗin wani lokaci ma ya wuce shi kuma wutar da yake ci ko rabi ba ta kai ba, ga 9800X3D da ya fito Nuwamba 2024 ya fi shi ma

Mai Montaj: Ƙane ba wasan ƙwallo zan yi ba, abinci nake nema. Kor 8 ba za su ishe ni fitar da bidiyon awa biyu ba amarya na ta kira. Kuma abin da ya ja ni wurin Intel shi ne Quick Sync, sashen furosesa mai sarrafa bidiyo, kamarata tana ɗaukar bidiyo tsarin H.265 10-bit 4:2:2, shi kuwa yana karanta wanga ba tare da taimlayin ya riƙa tsalle ba.

Injiniya: Nan kam kana da hujja, ban musa ba. Sai dai ka kula kar a ba ka mai KF, shi ba ya da girafik na ciki, ba Quick Sync ke nan. Amma ka san labarin zubi na 13 da na 14 na Intel, inda 14900K yake? A Yulin 2024 Intel suka amsa cewa volt yana hawa fiye da kima yana lalata wasu furosesa a hankali, mashin ta riƙa faɗuwa tsakiyar aiki. Suka fitar da gyara ta BIOS, 0x129 a Agusta, 0x12B a Satumba, suka ƙara garanti shekara 2. Gyaran yana kare wanda bai lalace ba ne, wanda ya riga ya ci duka ba ya warkewa. To abin da ciwonshi yawan volt ne, shi za ka ƙara ma volt?

Alhaji Mai Odar Kaya: To ai ka faɗa da bakinka, an gyara, an ƙara garanti.

Mai Gyara: Garanti a ina Alhaji? Kayan da ya biyo ta Dubai ko Kano ya shigo ta Ɗan Issa, wani ko kwali babu, cikin ƴar roba yake zuwa, wa za ka kai ma? Kuma obakulok da kanshi yana kashe garanti. Bari in gaya muku abin da nake gani da idona. Bayan hunturu in na buɗe mashin, radiyata ta cushe da jar ƙura har ba ka ganin haske ta tsakanin ƙarafunan, ka sa yatsa ta ɓallo faifai guda. In ɗaga mai sanyayan in tarar man da ke tsakani ya bushe ya tsattsage, sai na kankare shi da alkol. Mai ita ya ce ai fanka na juyawa. E tana juyawa, iska ce ba ta wucewa. Wannan mashin ko ba obakulok tana kan 100, bare an ƙara.

Ɗan Wasa: ga kuma kuran 😭 ana tsakiyar aiki a ɗauke

Mai Gyara: Yawwa. Ondiler, mai batir da ke riƙe mashin in an ɗauke wuta, ƙarami na 650 VA da kowa ke saye bai kai wat 400 ba a zahiri. i9 da kart girafik babba in sun haɗu sun wuce nan, kuran na tahiya ya yi ƙara ɗaya ya mutu tare da aikinka. Kuma kar wanda ya kuskura ya sabunta BIOS ba ondiler mai ƙarfi, a ɗauke a tsakiya kart mer, babban allon mashin, ta tahi, sai in tana da maɓallin Flashback mai maido da BIOS a baya.

Mai Montaj: To yaya, in ba shi ba sai wane? Kar ku bar ni a tsakiya.

Injiniya: Ni da kuɗina Ryzen 9 9950X, kor 16, wat 170, in sa mishi Eco Mode na 105 lokacin bazara, in rage volt da saitin Curve Optimizer na AMD kaɗan-kaɗan ina gwadawa da manhajar gwaji Cinebench da aikin gaske, ba wai in buga -30 lokaci guda don na gani a intanet ba, kowane furosesa da irin jurewarshi. RAM DDR5-6000 a kunna EXPO, saitin da ke sa ta kai wannan gudun. Kuma AMD sun ce soket AM5, gurbin da 9950X ke zama a kart mer, zai kai 2027 ko fiye, LGA1700 na 14900K kuwa ya ƙare a kan zubi na 14. In kuma Quick Sync ɗin dole ne, ga Core Ultra 9 285K na Oktoba 2024, bai kai 14900K zafi ba a yawancin aiki, amma sai sabuwar kart mer ta LGA1851.

Alhaji Mai Odar Kaya: Ka ga kai ma ga ka cikin BIOS kana taɓe-taɓe. Mi ya raba mu? Ni dai na ce mai kilim a ɗaki da gurup a waje ya ƙara abinshi, ba ruwanshi da Afrilu.

Injiniya: Mai kilim da gurup ban hana shi ba Alhaji. Shi wanga bantilater gare shi.

Mai Montaj: Guda biyu ne dai 😅 Alhaji ka turo mini kuɗin 9950X da na 285K kowane da kart mer ɗinshi, da na 14900K ɗin ma in gani, ban fidda rai ba tukuna.

Mai Gyara: Ka tambaye shi har da ondiler 1500 VA. Kuma ko wane ka saya kar ka kunna shi a shago, kawo shi wurina bayan la'asar mu duba BIOS ɗin tukun.