Mata a gurup ɗin anime: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Admin: Salam jama'a. Kwanan nan na lura mata suna ta fita daga gurup ɗin nan namu na anime, wato katun ɗin Japan, shiru-shiru, ko sallama babu, da na bi wasu na tambaya sai amsar ta zo kusan iri ɗaya, wai sun gaji. To na buɗe wannan ne kowa ya kawo abin da ya faru da shi ko a gabansa, mace ko namiji. Kar a kama sunan kowa, kar a zagi iyaye, wanda bai yarda da magana ba ya ce bai yarda ba ya kawo dalili. Bismillah.

'Yar Fagge: Bari in fara. Ranar da na shiga wani gurup na ce ina bin One Piece, kafin ma a ce min sannu da zuwa wani ya ce in lissafo takubban Zoro, ɗaya daga cikin jaruman labarin. Na ce Wado Ichimonji, Sandai Kitetsu, Enma, sai ya ce ai Google na duba, wani kuma ya ce saurayinki ne dai ya koya miki. A daren nan wani yaro ya shigo ya ce shi yanzu ma yake Alabasta, wato can farko-farkon labarin, wallahi sai ga sitika ana ta yi masa maraba ana cewa kar a ɓata masa labari. Daga baya na buɗe wani akawun da sunan namiji na sa hoton Itachi, irin maganganun da nake yi su na ci gaba da yi, babu wanda ya sake yi min jarrabawa, har "baaba ka iya nazari" aka ce min.

Ɗan Samaru: Anti kin san fa mu ma muna yi wa juna wannan tambayoyin, tsokana ce kawai. Kuma maganar gaskiya wani lokacin da an soki wata a cikin anime sai a ce ana ƙin mata. Ni har gobe ina cewa Sakura ta cikin Naruto ba a rubuta ta da kyau ba, wannan kuma ba ƙiyayya ba ce.

Maman Nur: Ɗan Samaru ai babu wanda ya hana ka faɗin haka, ni kaina haushin Kishimoto, marubucin Naruto, nake ji yadda ya bar ta tana bin Sasuke tana kuka shekara da shekaru. Matsalar ita ce inda zancen yake ƙarewa. Ana farawa da Sakura ba ta da amfani, kafin minti biyar an koma mata dama haka suke, sai son mai wulaƙanta su, sai a yi tagin ɗina a sa dariya. Na taɓa zama na rubuto musu dogon bayani, na ce ku tuna ita da tsohuwa Chiyo suka gama da Sasori, ɗan ƙungiyar miyagu ta Akatsuki guda, ku tuna a yaƙin ƙarshe da aka cire wa Naruto Kurama, dodon da ke cikinsa, ita ta yanka gefensa ta sa hannu tana matsa zuciyarsa don kar ta tsaya. Amsar da na samu: "je ki ɗora girki". Mutum ɗaya bai taɓa abin da na faɗa ba. Da wani ya ce min eh amma faɗa ɗaya ne cikin babi 700, da mun yi musu mai daɗi, don wannan hujja ce.

Ɗan Samaru: To ai faɗa ɗaya ne ɗin 😂 amma na ji, wancan amsar rashin kunya ce.

Bint Kassala: Ni a Sudan na taso, tashar katun ta Spacetoon muka sha tun muna yara da Larabci. Waɗanda suka kalla za su tuna tashar ta raba shirye-shirye duniya-duniya, akwai ta faɗa, akwai ta kasada, sai Zumurruda da ake sanarwa ƙarara cewa ta 'yan mata ce kawai. Yayyena da an fara Conan ko Hunter x Hunter sai su ce tashi ki jira duniyarku. Ni kuwa Conan nake so, ina rigansu gano mai laifi ma. Abin dariya idan an sa na Zumurruda suna nan zaune a bakin ƙofa wai shan iska suke. Yanzu duk mun girma amma a gurup har yau ina jin ƙamshin wannan rabon, kamar akwai layin da aka ja mana.

Injiniya: Nawa ta wani ɓangaren ne. Ina kallo da ƙanwata a falo, hannuna kullum yana kan rimot saboda ban san lokacin da za a jefo abin kunya ba. Master Roshi, Jiraiya da leƙen mata a wurin wanka wai bincike yake, Mineta, shi kuwa Meliodas taɓa jikin Elizabeth yake yi a mayar da shi abin dariya. Mu mun saba har ba ma gani. Ita ce ta tambaye ni wata rana, yaya me ya sa kullum wanda ya yi wannan iskancin duka ɗaya ake masa a ka a wuce, kuma shi ne jarumi? Ban da amsa. Kuma irin waɗannan wuraren su ake yankowa a yi sitika a watso gurup ƙarfe ɗayan dare.

Ummu: Injiniya ka taɓo inda yake min ciwo. Na taɓa cewa don Allah a rage turo irin hotunan nan akwai yara 'yan sakandare a ciki, sai aka rabu biyu a kaina. Wasu suka ce ustaziya ta zo, wa ya ce ki kalla. Wasu kuma, waɗanda na ɗauka za su goya min baya, suka ce ai dama 'yar mutunci me take yi a gurup ɗin katun da maza. Ka ga an haɗu an kore ni ta ƙofa biyu. Su masu wa'azin kuma suna ciki fa, ba su fita ba, su an halatta musu.

'Yar Fagge: Ga kuma inbos. Kuskure ki yi boyis sau ɗaya a ji muryarki. Slm, ykk, ina son mu san juna, turo hotonki. In kin yi shiru ya dawo gurup yana habaici wai wasu ji da kai kamar su suka zana Mikasa ta Attack on Titan.

Malam Shiru: Ni namiji ne kuma Fruits Basket na fi so, wanda aka sake yi a 2019, na yi hawaye ban ɓoye ba. Da na faɗa sai da aka yi mako ana kirana ɗan daudu. Wanda ya fi kowa zaƙewa daga baya ya biyo ni ta gefe yana tambaya a ina zai samu sizin na uku, ya ce kar in faɗa. Ban faɗa ba, yanzu ma ban kama suna ba Admin.

Hajjaju: Akwai wani da ya dage a gabana cewa mace ba za ta iya rubuta labarin faɗa da siyasa ba, sai soyayya. Na ce wanne ka fi so duk duniya, ya ce Fullmetal Alchemist Brotherhood, babu na biyunsa. Na ce to Hiromu Arakawa da ta ƙirƙiro labarin mace ce, a gidan kiwon shanun madara ta taso a Hokkaido, daga 2001 zuwa 2010 tana zana shi. Ya ce ƙarya ne, ya je ya duba, ya dawo ya ce shi ya sa ashe akwai kuka da yawa a ciki. Kai jama'a. Ban ma kai ga gaya masa Inuyasha na Rumiko Takahashi ba ne, kuma a mujallar samari ya fito tun 1996. Amma ku duba matan da Arakawa ta rubuta, Riza Hawkeye, Izumi, Janar Olivier Armstrong da ke riƙe da sansanin Briggs, Winry da sana'arta ta kanikanci, kowacce da abin da ya dame ta ban da namiji. Ashe ana iyawa.

Ɗan Maradi: Ina admin a wani ƙaramin gurup, in gaya muku abin da ya yi mana aiki. Mun sa mace cikin admin, saboda da can mai ƙorafi sai an ce ta kawo sikirinshot a bainar jama'a, to wa zai yi. Sannan doka ɗaya: in za ka yi musu ka kawo kashi ko babi, in ka koma kan jikin mutum ko jinsinsa a rufe maka baki na kwana ɗaya. Mun gwada da zancen yadda Oda, mai One Piece, ya koma zana Nami da Robin bayan tsallaken shekara biyu da aka yi a labarin. Wasu suka ce salonsa ne, maza ma ai jikinsu ba na mutane ba ne, dubi Franky. Wata ta ce to ku jera maza goma ku jera mata goma, maza kowa da siffarsa, matan in ka rufe gashi da fuska ba ka bambance su. Wani ya kawo Big Mom da Dr. Kureha, ta ce wato sai mace ta tsufa ko ta zama dodo take samun jiki daban. Har asuba ana yi, ba a yarda da juna ba, amma babu wadda ta fita, kuma waɗanda ba su taɓa magana ba sun yi.

Ɗan Samaru: Ni dai tsorona kar a wayi gari mutum ba zai iya wasa ba sai an rufe masa baki. Wa zai raba tsokana da cin fuska?

Maman Nur: In wadda ka tsokana ta ce ka bari ka bari, shi ke nan ai. Kai da ka san yadda kake wasa da ƙanwar abokinka a gidansu.

Admin: Na karanta duka. Daga yau sitikar tsiraici gogewa zan yi ba tambaya, Hajjaju kuma in kin amince zan ƙara ki admin, mai ƙorafin inbos ta same ki kai tsaye. Dokar Ɗan Maradi za mu ara mu gani. Juma'a bayan isha'i musun farko: Nobara da Maki a Jujutsu Kaisen, an yi musu adalci ko an watsar da su. Wanda bai gama sizin na biyu ba ya kauce don za a fasa ƙwai.

Ɗan Samaru: Ku sa ni ɓangaren masu cewa an watsar da Nobara. Maman Nur ki shirya in kina ɗaya gefen.

Maman Nur: Gefe ɗaya muke wannan karon, nemi wani.