Mujallar Land Economics: me ya haɗa ta da fadamarmu ta Galma?

Ɗan Dakace ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma a nan Zariya, aikina kuma a kan manoman rani ne na bakin kogin Galma. Kawuna ne silar zaɓen wannan batu. Yana noman tumatir da albasa a fadama, kuma a da in ya kafa bututu biyu ya tarar da ruwa, amma bana sai da ya ƙara na uku kafin injin ya daina tari ya fara ja. Kowa a wurin da nasa injin, kowa na zuƙa, ba mai tambayar kowa.

Da na kai wa malamin da ke duba aikina babi na biyu, ko shafi uku bai karanta ba ya turo min da shi. Ya ce na tsinto maƙalu nan da can kamar mai kala a gonar gyaɗa. Ya ce in je in ɗauki mujalla guda, Land Economics, in bi abin da ta buga na shekara goma, in dawo in gaya masa abu biyu: a kan me take bincike, kuma wa ya ji maganarta.

Yau kwana goma sha biyu ke nan ina karanta taƙaitattun bayanan maƙalun, galibi da daddare in an kawo wuta. Abin da nake ta gani: yadda tsabtar ruwan tafki ke ɗaga kuɗin gidajen da ke bakinsa a Amurka, nawa mutum zai yarda ya biya don a kare dajin da bai taɓa takawa ba, rabon kason kifi tsakanin masu jiragen kamun kifi, da shirin biyan manomi kuɗi don ya bar gonarsa ta huta. A biya manomi don kada ya yi noma! Na karanta wa kawu wannan, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a rubuta sunansa.

To don Allah masu sani, wane zare ne ya ɗinke waɗannan batutuwa? Sannan tasirin mujalla, yaya ake gane shi? Wani abokin karatuna ya ce kada in wahalar da kaina, in kwafo makin tasirin da ake ba mujallu duk shekara in kai wa Malam, shi ke nan.

Tsohon Malamin Gona ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Malaminka ya yi maka gata, ko da yake yanzu ba za ka gani ba.

Mujallar nan ta girmi kakanka watakila. Richard Ely ne ya kafa ta a 1925, da sunan Journal of Land and Public Utility Economics, daga baya aka gajarta sunan, kuma maɗaba'ar Jami'ar Wisconsin ce ke fitar da ita sau huɗu a shekara. Kalmar ƙasa a wurinsu tana da faɗi, ta haɗa gona da fili da daji da ruwa da abin da ke cikinsa. Shi ya sa kake ganin kifi kusa da gidan haya. Zaren da kake nema kuwa tambaya biyu ce da suke ta juyawa tun wancan lokaci: abin nan na wane ne, kuma in kasuwa ba ta yanka masa kuɗi ba, nawa ne darajarsa? Duba jerin naka da kyau, da wuya ka sami maƙalar da ta kuɓuce wa ɗaya daga ciki.

Ta farkon ita ce taka. Nemo abin da Edella Schlager da Elinor Ostrom suka buga a cikinta a 1992. Kafin nan, tun 1968 maganar Garrett Hardin ce ke yawo a bakin masana, cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa ƙarshenta lalacewa, don kowane makiyayi zai yi ta ƙara saniya. Mutane suka ɗauka mafita biyu ce kawai, ko gwamnati ta karɓe ko a yanka a sayar. Su waɗannan mata biyu suka ce mallaka ba dunƙule guda ba ce, dami ce mai kara biyar: ikon shiga wuri, ikon ɗibar amfaninsa, ikon tsara yadda za a yi aiki da shi, ikon hana wani, da ikon sayarwa ko ba da haya. Mutum na iya riƙe biyu ya rasa uku. Misalin da suka kawo na masuntan jihar Maine ne a Amurka, masu kamun wani irin ƙaton jatan lande, amma ka ɗora shi a kan abin da ka sani. Mai aron gona yana shiga yana noma, sai dai ba zai dasa mangwaro ba. Wanda ya karɓi jingina yana ci har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa, yana iya korar wani, amma ba ya sayarwa. Mai gado yana da duka biyar a baki, amma ya gwada sayarwa ba da sanin 'yan'uwa da mai unguwa ba ya ga. Bafulatanin da ke bi ta burtali zuwa mashaya yana da na farko da na biyu, ranar da aka nome burtalin kuma sai ya gane ba shi da na huɗu.

Mu mun san waɗannan tun muna yara, amma ba mu jera su yadda za a iya sa su a takardar tambayoyi ba. Daniel Bromley, wanda ya karɓi editan mujallar a 1974 ya kuma daɗe a kai ƙwarai, shi ma ya sha nanata cewa dukiyar jama'a mai ƙa'ida daban, abin da ba shi da mai shi daban. Ostrom ta sami kyautar Nobel a 2009, ita ce mace ta farko a fannin tattalin arziki.

Kuma bambancin yana fitowa a gona. A Nijar, Sarah Gavian da Marcel Fafchamps sun nuna a 1996 cewa manomi ya fi kai taki gonarsa ta kansa a kan wadda ya aro. Wannan a wata mujallar ce, American Journal of Agricultural Economics. Lokacin da nake aikin malamin gona ban taɓa buƙatar lissafi kafin in san haka ba, mangalar jaki kawai za ka bi da ido ka ga inda take sauka.

Maman Ilham ta rubuta:

Baba ya gama da rabin farko, Allah ya ƙara lafiya. Bari in taɓa maganar maki, tunda a ɗakin karatu nake aiki kuma kullum sai an tambaye ni.

Ƙanena, ga yadda ake fitar da shi. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekara biyun da suka wuce, a cikin wannan shekarar, sai a raba da yawan maƙalun. Eugene Garfield ne ya ƙirƙiro shi, yanzu kamfanin Clarivate ke fitarwa. Matsalarsa a fanninku, maƙalar tattalin arziki takan yi shekara ɗaya ko biyu a hannun masu tantancewa, wanda zai ambace ta shi ma sai ya jira nasa layin. Kafin ta fara tashe, shekara biyun sun wuce. Maƙalar 1992 da Baba ya faɗa an ambace ta sau dubbai, amma duk ambaton da aka yi mata daga 1995 zuwa yau bai ƙara wa makin mujallar komai ba. In ka kai wa Malam lambar nan kaɗai, ka shirya karɓar babinka a karo na biyu.

Abin da za ka yi: zaɓi maƙalu biyar ko shida, sa kowace a Google Scholar, danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta. Kada ka tsaya a yawan. Duba su waye, daga wace ƙasa, masana daji ne ko na ruwa ko lauyoyi, akwai rahoton hukuma a ciki ko duk 'yan aji ɗaya ne ke yabon juna. In wata maƙalar ta ƙi buɗuwa sai da kuɗi, gwada shafukan intanet na AgEcon Search ko IDEAS, sau da yawa akwai daftarin farko kyauta.

Batun "nawa za ka biya don dajin da ba ka taɓa gani ba" da ka ambata, ya taɓa shiga kotu fa. A Maris 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska. Jihar ta sa masana suka yi wa gidajen Amurkawa irin wannan tambayar, suka ƙiyasta asarar da ta kai dala biliyan 2.8. Gardama ta kaure a kan ko za a yarda da amsar mutumin da ba a ce ya fito da kuɗin a aljihu ba, har gwamnatin Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin masana tattalin arziki Kenneth Arrow da Robert Solow, suka fitar da sharuɗɗa a 1993. Land Economics na cikin mujallun da aka yi ta gwada hanyar ana gyara ta, ita da Journal of Environmental Economics and Management da aka fara a 1974.

Sannan ka kiyayi masu turo saƙon imel suna cewa za su buga maka cikin sati biyu. Ni kaina na taɓa faɗawa, na tura kuɗin da na tara na ɗinkin sallar yara, maƙalar ta fito da kuskuren da na yi a sunana ba wanda ya gyara. Su ma suna liƙa wani maki a shafinsu, na bogi.

Na Kwangila ya rubuta:

Ni dai da girmamawa ga Baba da Hajiya, ina da ja. An ce wa ya ji maganarta. A Wisconsin an ji. A nan fa? Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ban ga alamar dami mai kara biyar a cikinta ba. Dokar makiyaya ta Arewa tana nan tun 1965, je ka nemo burtalan.

Kuma ba rashin bincike ba ne. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu. Gayatri Acharya da Edward Barbier suka lissafa darajar ruwan da dausayin ke mayarwa ƙarƙashin ƙasa, ta hanyar duba abin da manoman rani masu rijiyar bututu za su rasa in ruwan ya ƙara nisa. An buga a 2000 a mujallar Agricultural Economics. Ɗan Dakace, wannan ce ya kamata ka fara karantawa, don kusan aikinka ne sak, da manoma masu jin Hausa.

Nan Zariya ma mun ba duniya ilimi. David Norman yana cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi tun shekarun 1960, ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce mai riba da rage kasada, lokacin da ake kiranta jahilci. Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya gano cewa bashin ƙauye yana sassautawa in masifa ta sami wanda ya ci, yana kuma ƙaruwa in mai ba da bashin ne ya shiga wani hali. Ana koyar da wannan a manyan jami'o'in waje. Hanwa yanzu gidaje sun cinye ta, jikokin mutanen da aka yi wa tambayoyin ba na jin ko ɗaya ya san an taɓa rubuta kakansa. In za ka rubuta tasiri, ka rubuta ta wace hanya yake tafiya.

Tsohon Malamin Gona ya rubuta:

Na Kwangila bai yi ƙarya ba. Sai dai aikin Norman ya dawo gida ta wata ƙofar, domin mu da muka zo baya an koya mana mu fara tambayar manomi dalilinsa kafin mu ce ya canza. Wannan ba ya fitowa a Google Scholar ɗin Hajiya.

Ɗan Dakace ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, jiya Asabar na rubuta karan nan biyar a bayan takarda na tafi fadama. Na tarar da kawu tsugune yana ɗaure tiyo da tsumman roba inda ya tsage, ruwa na bin fangalin albasa. Na fara da gonar. Nan take ya amsa duka: ta gado ce, gefen gabas jingina ce a hannunsa shekara huɗu, mai ita in ya kawo kuɗi bayan an cire albasa zai karɓa, kafin nan ko ɗan mai ita ba zai tsinki ganye ba.

Sai na koma kan ruwan. Wa ke da ikon ɗiba? Ya ce duk mai inji da kuɗin fetur. Wa ke tsara awa nawa kowa zai ja? Ya ɗago ya dube ni. Na ce to maƙwabcinka da ya kafa bututu taku goma daga naka, wa zai iya hana shi? Ya ce, "Kai yaro, ruwan Allah ne." Ya yi shiru yana jan robar da haƙori, can ya ce amma da ana ban ruwa da jigo, dattawa kan raba kwana, kuma har yanzu in kogi ya ja baya sarkin noma kan sa baki tsakanin na sama da na ƙasa. Na kogin ke nan, wanda ido ke gani. Na ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya taɓa kai ƙararsa.

Na sake tsara takardar tambayoyina a daren, gona shafinta daban, ruwan kogi daban, ruwan bututu daban. Yaya Na Kwangila, na samo ta Acharya da Barbier, lissafin ciki ya ɗan fi ƙarfina amma ina bi a hankali. Su sun sami ma'aunin zurfin ruwa, ni ba ni da shi. Ko in tambayi kowane manomi bututu nawa ya sa bana da nawa ya sa shekara biyar baya zai wadatar, ko dole sai na nemo igiya da ma'auni na bi rijiyoyin da kaina kafin ruwan sama ya sauka? Talata zan koma wurin Malam.