Muhawara: Shin Lua na da mazauni a cikin takardar LaTeX?

Malamin lissafi: Assalamu alaikum. Ina son in baje wata magana a faifai, ina kuma fata Alhaji zai ba ni amsa, tun da shi ne ya ƙi karɓar fayil ɗina a madaba'arsa ranar Laraba. Matsayina shi ne, duk takardar da ake tsarawa da LaTeX (tsarin shirya rubutu domin bugawa, wanda aka gina a kan manhajar TeX) wadda ke buƙatar ƙidaya, ko jera kalmomi bi da bi, ko maimaita aiki ɗaya sau ɗaruruwa, a bar wa Lua, wani harshen rubuta umarnin kwamfuta, wannan aikin a cikin takardar kanta. Donald Knuth ya fitar da TeX a 1978 domin jera haruffa da alamomin lissafi a shafi, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi a wannan fage ba, amma harshensa na umarni yana da wuyar sha'ani idan aka zo lissafi. Lua kuwa an ƙirƙiro shi a 1993 a wata jami'a da ke Rio de Janeiro a Barazil domin a dasa shi cikin wasu manhajoji, kuma LuaTeX, wanda ya kai siga ta 1.0 a 2016, ya haɗa su wuri guda. Na shirya wa ɗalibaina ƙaramin ƙamus na kalmomin lissafi, Hausa da Faransanci. Kalmomin suna cikin fayil, kowace a layinta. Da taimakon ƙunshin lualibs, wato tarin ƙarin umarnin Lua da aka ciro daga ConTeXt, wani tsari da Hans Hagen ya gina a kan TeX, na karanta fayil ɗin, na raba kowane layi gida biyu, na jera su, na miƙa wa TeX ya zuba su a shafi. Idan na ƙara kalma ɗaya, sai ta nemi gurbinta da kanta.

Alhaji mai madaba'a: Wa alaikumus salam, Malam. Ban ƙi aikinka don raini ba, na ƙi shi ne don abin da ya taɓa samuna. Wani malami ya kawo mini ɗan littafin rabawa na ƴan firamare, wanda Lua ke lissafa amsoshinsa. Bugun farko ya fito lafiya. Bayan shekara biyu aka nemi ƙari, na buɗe fayil ɗin nan dai a kwamfutar da na sabunta, ban taɓa ko harafi ɗaya ba, na buga. Sai da aka gama ɗinki aka ga inda ya kamata a rubuta 5 an rubuta 5.0, haka nan tun daga shafin farko har na ƙarshe. Daga baya na fahimci cewa TeX Live na 2019, wato tarin manhajojin TeX da ake saukewa a kwamfuta, ya koma Lua 5.3, wanda ya bambanta cikakkiyar lamba da mai ɗigo, ta yadda 10 a raba 2 ke fitowa da 5.0. Takardar da na yi asara daga Kano na sayo ta, ta bi hanyar Jibiya da Ɗan Isa kafin ta iso Maradi, kuma daga aljihuna na biya bugu na biyu. Knuth ya daskarar da TeX da gangan, yana gyara kurakurai kawai, domin takardar da aka rubuta yau ta fito daidai bayan shekaru masu yawa. Mai madaba'a kan wannan alkawari yake dogara, Lua kuwa bai yi mini irinsa ba.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta: Baba Alhaji, abin da ya same ka gaskiya ne, kuma ya sami mutane da yawa a lokacin. Sai dai maganinsa layi ɗaya ne: a yi rabawar da alamar // maimakon /, ko a faɗa wa umarnin Lua na string.format siffar da ake son lambar ta fito da ita. Wanda ya rubuta littafin ya bar wa harshen ya zaɓa masa siffa, shi ya sa da harshen ya sauya, shafin ma ya sauya.

Alhaji mai madaba'a: Ɗiyata, ke kin san layin, ni ban san shi ba a ranar, mai littafin kuma an yi masa canjin wurin aiki zuwa Tawa. Wannan shi ne ainihin kukana.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta: Na karɓa, Baba. Amma ina son in koma kan ƙamus ɗin Malam, domin a nan ne nake ganin hujjarsa ta fi ƙarfi, a nan ne kuma tarkon yake. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowannensu bayit biyu yake ci (bayit ƙaramin ma'aunin ajiya ne a kwamfuta) a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, alhali ainihin kayan aikin Lua bayit suke gani, ba harafi ba. Idan aka tambayi string.len tsawon kalmar ƙasa, zai ce 5. Idan aka ba string.upper kalmar ƙidaya, zai ɗaga sauran haruffan ya bar ƙ yadda take. Idan kuma aka bar table.sort ya jera kalmomi ba tare da an koya masa tsarinmu ba, zai tura ɓangare da ɗebewa da ƙari can bayan z, har ma ƙ ta riga ɓ, saboda lambarta a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba, ta fi ƙanƙanta. LuaTeX na ɗauke da unicode.utf8, wanda ke ƙirga haruffa da ɗaga su yadda ya dace, amma jerin abacada na Hausa dole mutum ya rubuta shi da hannunsa, ya ce ɓ na bin b, ƙ na bin k, ya kuma yanke shawara a kan sh da ts. A Lua wannan ɗan teburi ne da kowa zai iya karantawa ya gyara. Da umarnin TeX zalla ana iya yin sa, amma wanda ya zo gyara daga baya zai sha wuya. Inda na saba da Malam shi ne kalmar "a cikin takardar kanta". Duk abin da aka sa cikin \directlua, wato umarnin da ake saka Lua da shi a cikin takarda, TeX ne ke fara karanta shi kafin ya kai ga Lua. Alamar % a wurinsa sharhi ce, sai ya share sauran layin. Ƙarshen layi kuma yakan mai da shi fili, ta yadda sharhin Lua guda ɗaya mai farawa da -- zai haɗiye duk abin da ya biyo baya. Ƙunshin luacode yana rage wannan, amma abin da ya fi tsabta shi ne a ajiye Lua a fayil nasa daban, a kira shi da umarnin require.

Malamin lissafi: Na yarda da batun haruffan, domin na faɗa wannan ramin a gwajin farko, sai da na rubuta teburin da kike faɗa. Batun fayil daban kuwa ina da ja. A nan garin fayil yana yawo ne daga waya zuwa waya ta WhatsApp, kuma idan aiki ya kasu biyu, ɗaya ne ke isa. Na fi son malamin da ke Tasawa ya karɓi abu guda ya sarrafa shi ya ga shafi.

Hajiya mai gyaran rubutu: Malam, ka ba ni dama in kawo nawa gefen, domin ni aikina karanta rubutu ne kafin ya je wurin Alhaji. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tsayar a 1999, tana rubuta ƴ a inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y. Rubuce-rubuce da yawa daga Katsina da Kano suke zo mana, saboda haka wani matashi da ke taimaka mini ya sa ɗan umarnin Lua da ke duba kowane layi kafin TeX ya karanta shi, yana mai da duk 'y zuwa ƴ. Ya yi aiki a sashen Hausa. Amma littafin mai harshe biyu ne, sai ga jimlar Faransanci il n'y a pas ta koma il nƴ a pas a wurare da dama. Da muka ce to a taƙaita canjin ga farkon kalma, sai 'ya'ya ta fito rabi a gyare rabi a bar ta, tun da harafin na biyu a tsakiya yake. Abin da ya fi damuna shi ne, idan na buɗe fayil ɗin ina ganin abu ɗaya, shafin kuma yana nuna wani, ga shi ni ce zan sa hannu cewa na duba. A ƙarshe na zauna na gyara asalin rubutun sau ɗaya, kalma bayan kalma, muka cire umarnin. Ban ce Lua ba shi da amfani ba. Na ce kada a ba shi ikon taɓa kalmomin marubuci a ɓoye.

Malamin lissafi: Hajiya, wannan na karɓe shi baki ɗaya. Ƙamus ɗina ba ya canza harafi ko ɗaya, jera kalmomin kawai yake yi.

Alhaji mai madaba'a: Akwai abu na biyu da ban faɗa ba. Fayil mai ɗauke da Lua shiri ne da zai gudana a kwamfutata, wadda ke riƙe da ayyukan mutane da lissafin shagona. A watan Mayu na 2023 an bayyana wata kafa a LuaTeX da ke ba takarda damar gudanar da umarni a kan kwamfuta ko da an rufe wannan ƙofa, sai a siga ta 1.17.0 aka toshe ta. Mu nan ba kullum muke sabunta TeX Live ba, domin nauyinsa ya kai gigabayit da yawa, ga tsadar intanet, ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Kuma ƙaramin lissafi irin na matsakaicin maki bisa 20, ai umarnin \fpeval na yin sa a cikin LaTeX ba tare da Lua ba, a kowane injin TeX, LuaTeX ne ko waninsa.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta: Haka ne, Baba, kuma ga ƙaramin lissafi ni ma \fpeval zan zaɓa. Amma ina roƙonka kada ka rufe ƙofar gaba ɗaya, domin masu kula da LaTeX da kansu sun ba da shawara a ƙarshen 2024 cewa a riƙa amfani da LuaTeX ga sababbin takardu. Ko babu layin Lua ɗaya da mutum ya rubuta, injin yana karɓar ƙ da ɗ kai tsaye muddin salon harafin na da su, kuma tun TeX Live na 2020 yana tafe da HarfBuzz, wanda ke haɗa haruffan Larabci yadda ya kamata. Ranar da malaman zaure suka kawo maka littafin ajami da boko a shafi ɗaya, wannan injin za ka nema.

Alhaji mai madaba'a: Injin ban ƙi shi ba, ɗiyata. To Malam, ga sharuɗɗana. Ka kawo mini PDF da ka duba da idonka, shi zan buga. Ka haɗa da asalin fayil ɗin domin ajiya, ka rubuta a samansa shekarar TeX Live da ka yi aiki da ita. Lua kuma ya zauna a fayil daban, gajere, da bayanin kowane sashe da Hausa ko Faransanci, domin wanda zai buɗe shi bayanmu.

Malamin lissafi: Sharaɗi na farko da na biyu na ɗauka, Alhaji, bayanin ma zan rubuta. Raba fayil ɗin ne har yanzu ban gamsu da shi ba, saboda dalilin da na faɗa. Abin da zan yi shi ne in sa Lua ɗin cikin filecontents* a saman takardar, wanda ke fitar da shi a matsayin fayil nasa lokacin sarrafawa ba tare da TeX ya taɓa alamominsa ba. Kai za ka ga fayil biyu a kwamfutarka, malamin Tasawa kuma zai karɓi ɗaya a wayarsa. Zan kawo maka shi ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya yarda, tare da Hajiya ta duba jerin kalmomin da ke farawa da ts.