Otal a Accra ya cire kuɗin ruwa da gyaɗar ɗaki bayan baƙo ya tafi, ina mafita?

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu aikin otal. Baƙo ne ya kwana 2 a wani otal kusa da Nima. A kan faranti ɗaya aka jera ruwan gora 2, shayi, sukari, biskit da gyaɗa, babu takardar farashi, babu alamar wanne ne kyauta. A al'ada ruwa 2 da shayi kyauta ne, na cikin ƙaramin firiji ake biya. Haɗa su wuri ɗaya shi ne tarkon.

An sallame shi ba bashi. Daga baya mai gyaran ɗaki ta ƙirga abin da ya ragu, aka cire sidi 140 daga kuɗin ajiyar da aka riƙe a katinsa, har da VAT (harajin sayen kaya) da harajin yawon buɗe ido na kashi 1. Manaja ya ce sa hannun rajistar shiga ya halatta cirewar, amma ya ƙi ba da rasit mai lissafin kaya ɗaya-ɗaya.

To, ina za a fara: banki, ko Ghana Tourism Authority, hukumar yawon buɗe ido mai ba otal-otal lasisi? Kuma hoton farantin ya isa hujja, tunda ba kwanan wata a jikinsa?