Tambaya: me ke faruwa a jikin kawa idan ruwan teku ya yi tsami ga kuma zafi?

Ummi_Fisheries:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin halittun ruwa ku taimaka min. An ba ni wannan maudu'in na gabatar a aji, na gane cewa teku na shanye iskar kabon da muke fitarwa sai ruwan ya ƙara asid, amma kullum sai a ce "bawon kawa na narkewa" a tsaya nan. To ita dabbar da ke ciki fa, sel ɗinta, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗa jikinta, me suke yi? Kuma zafin da asid ɗin hanya ɗaya suke cutar da ita ko kowa da tasa?

Malam_Tanimu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ruwan teku fa bai koma asid ba har yanzu, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami wanda in ya sauka tsami ya ƙaru, shi ne ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun fara juyin masana'antu, kar ki raina wannan 0.1 ɗin domin kusan ƙarin kashi 30 cikin 100 ne na tsamin ruwan. Babbar matsalar ba narkewar bawo ba ce, wahalar gina shi ce. Akwai wata fata mai laushi da ta lulluɓe jikin kawa daga ciki, sel ɗinta ne ke jawo kalsiyam da kabonet su gina bawon, kuma duk sanda suka gina sai sinadarin haidirojin ya taru a wurin dole a fitar da shi waje, sel ɗin na da wasu ƙananan famfuna a jikinsu da ke wannan aikin kuma da ATP suke aiki, wato sinadarin da ke ba sel ƙarfi. In ruwan waje ma ya cika da haidirojin ɗin sai turawar ta yi nauyi, ƙarfin da ya kamata ya tafi girma da yin ƙwai da garkuwar jiki duk ya ƙare a famfo.

Jarirai sun fi ba ni tausayi wallahi. A cikin kwana biyun farko ɗan kawa ke gina bawonsa na farko, lokacin bai fara cin abinci ba, ɗan abin da ya samu a ƙwai kawai yake ƙonawa, in ya ƙare kafin bawon ya kammala shi ke nan. Abin da ya faru kenan a Whiskey Creek, wata ma'aikatar ƙyanƙyasar kawa a jihar Oregon ta Amurka, a 2007 da 2008 jarirai suka dinga mutuwa, da farko aka ɗora wa ƙwayar cutar Vibrio laifi, daga baya masana na jami'ar jihar suka gano ruwan ƙasan teku ne mai yawan kabon ke tasowa sama su kuma suna jan shi cikin tankuna.

Abu_Sadiq:
Malam ya gama da asid, bari in ɗora a kan zafi. Zafi yana warware furotin ɗin cikin sel su lanƙwashe ba daidai ba su cure, sai sel ya yi maza ya ƙera wasu furotin masu gyara da ake kira HSP70, su riƙe waɗanda suka lalace su mayar da su siffarsu. Kawa gwana ce a nan, da aka fitar da taswirar ƙwayoyin gadonta a 2012 an samu tana da ƙwayoyin gado masu ƙera HSP70 har 88, mu 'yan Adam wajen 17. Dole ta yi haka tunda a manne take wuri ɗaya, ruwa ya janye rana ta buge ta ba inda za ta gudu. Amma su ma HSP70 ɗin ATP suke ci, ga zafi na sa jiki ya buƙaci iskar oksijin da yawa alhali ruwan ɗumi ba ya riƙe ta sosai. To amsar tambayarki Ummi, hanyoyin daban ne amma ƙarfi ɗaya suke zuƙa, shi ya sa in suka haɗu abin ya fi muni. Kuma akwai iyaka, ƙarshen Yunin 2021 da zafi ya kai digiri 49.6 a Lytton ta Kanada, Chris Harley na jami'ar British Columbia ya ƙiyasta halittun bakin teku sama da biliyan ɗaya ne suka mutu, bawo a buɗe nama ya dahu a kan duwatsu, abin ba daɗin gani.

Ummi_Fisheries:
Allah Ya saka da alheri, yanzu na samu bakin zaren. Malam su na Oregon ɗin sun rufe ne ko sun samu mafita?

Malam_Tanimu:
Ba su rufe ba. Sun fara auna ruwan kafin su ja, suna cika tankuna da rana bayan ciyayin ruwa sun shanye wani ɓangare na kabon ɗin, sannan suna zuba sodiyam kabonet, dangin kanwarmu ce, yadda ake sa ta ta kashe tsami a tukunya. Jarirai suka dawo rayuwa. Sai dai ki faɗa wa 'yan ajinku a tanki kawai wannan ke yiwuwa, kawar da ke hayayyafa a teku da kanta ba mai zuba mata komai, kuma wannan ɓangaren ne ke hana ni sakewa duk sanda nake koyar da darasin.