Ta yaya ake auna gas marar caji a gefen filasmar tokamak?

Ɗan Naraguta:
Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen fiziks na Jami'ar Jos, aikin kammala karatuna a kan tokamak ne, wato na'urar da ke riƙe filasma (gas mai tsananin zafi da ƙwayoyinsa ke da caji) da ƙarfin maganaɗisu. Daren jiya sanyi ya hana ni barci, na zauna da takarduna har asuba, amma wuri ɗaya ya ƙi shiga kaina. An ce a ITER, babbar tokamak da ake ginawa a Faransa, zafin tsakiyar filasma zai kai digiri miliyan 150. A irin wannan wuta, ina atam marar caji zai sami mafaka? In kuma yana nan a gefe, me zai hana a sa masa gejin auna iska kawai?

Malamin Gwagwalada:
Wa alaikumus salam ɗana. Gefe ba tsakiya ba ne. Ƙwayoyin haidurojin masu caji da suka tsere sukan bugi bango, musamman wajen daibata, wato sashen da ake karkatar da su zuwa gare shi, su ɗauki elektiron, su dawo ba caji. Su ne suke sake ciyar da gefen filasma, su kuma kwashe mata zafi, shi ya sa dole a san yawansu.

Geji kuwa akwai. A Garcin ta Jamus aka ƙera wanda ake kira gejin ASDEX, da waya mai kauri don kada ƙarfin maganaɗisu ya lanƙwasa ta. Sai dai yana zaune ne bayan bango, abin da ke wurinsa kaɗai yake faɗa maka.

Yayar Rayfield:
Ƙanena, bari in ɗora a kan na Malam. Yawanci haske ake kallo. Idan elektiron ya bugi atam ɗin haidurojin, yakan fitar da jan haske mai tsawon zango nanomita 656. Amma ka kula, ƙarfin hasken ba shi ne yawan atam ba. Sai ka san yawan elektiron da zafinsu a daidai wurin kafin ka yi lissafi. Kyamara kuma tana haɗa duk hasken da ke kan hanyar kallonta, har da wanda bangon ƙarfe ya maido, kamar yadda aka gani a tokamak ɗin JET ta Ingila lokacin da take aiki. A tokamak ɗin DIII-D ta Amurka suna auna hasken haidurojin na nanomita 121.6. Daga nan a gwada sakamakon da lissafin kwamfuta irin EIRENE. Ni nan ne na fi daɗewa kafin na gane.

Ɗan Naraguta:
Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya. Ashe ni da na ɗauki haske a matsayin ƙidaya kai tsaye, babi na biyu sai na sake shi. Babu hanyar auna wuri guda tak?

Malamin Gwagwalada:
Akwai ta leza. Ana harba mai nanomita 205, atam ya haɗiyi ƙwayar haske biyu lokaci guda, ya fitar da jan hasken nan daga inda aka saita. Shigar da ita cikin babbar na'ura ne wahala. Ka sake babin, ka turo mini in duba kafin Juma'a.